Garantin Malam Rabe

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau masu binciken asusu suka iso kamfani. Malam Nuhu ne ya zo da kansa, da tsohuwar jakarsa, da tabaran da yake saukarwa kan karan hanci in zai faɗi abin da ba a son ji. Na gode Allah da shi aka turo. Tun ina makaranta yake duba asusun kamfaninmu, ya san Baba, ba sai na yi ta surutu ba.

Shekarar kuɗinmu ta rufe a ƙarshen Yuni. Komai na haɗa, saura layi ɗaya, tanadin garanti. Wato abin da ake cirewa daga ribar bana saboda gyaran injinan markaɗen da muka riga muka sayar, waɗanda ba su lalace ba tukuna amma kowa ya san za su lalace. Na rubuta adadin da fensir. Yaya Shamsuddeen ya leƙo ta kafaɗata ya gani, ya ce, "Lubna, wai ke akantar kamfanin nan ce ko akantar maƙiyansa?" Na ce masa manaja bai kamata ya riƙa leƙe ba.

Ruwa ya tsare ni a kamfani, a nan Katabu, ban samu zuwa asibiti wurin Baba ba. Umma ta ce Baba ya sha kunu rabin kofi. Alhamdulillah.

Talata, 5 ga Agusta, da azahar

Bari in rubuta rigimar a nan yadda take, ko kaina zai huta.

Katin garantinmu ya ce shekara ɗaya. Yaya ne ya buga katin lokacin da aka yi wa kamfani rajista, da tambari da komai, abin gwanin kyau. Ba mai karanta shi. Na taɓa ganin wata a Rafin Guza tana fifita gawayi da nata.

Abin da mutane suka riƙe shi ne bakin Baba. Tun da ya baro Katsina ya fara haɗa inji a rumfa, duk wanda ya saya sai ya dafa injin ya ce masa, "Muddin ina raye, injina ba ya kwana a lalace a gidan kowa." Haka kuwa ake yi. Boris ya ci, haƙora sun daina niƙa, ƙarfe ya tsage, sai a aiko. Ila makaniki ya hau babur da jakar kayan aiki ya je ya gyara, ba a karɓar ko sisi, ko da injin ya shekara goma.

Yaya ya ce a yi tanadi a kan kati. Ni na ce a kan bakin Baba. In aka bi kati muna da riba, banki zai ba mu rancen da Yaya yake nema. In aka bi nawa, asara ce, banki kuma ba ya son jin wannan kalma.

Malam Nuhu ya saurare mu duka, ya sauke tabarau ya ce, "Ƙa'idar aikinmu ba kati kaɗai take kallo ba. In kamfani ya saba wa mutane da abu har suka sakankance, to ya zama nauyi a wuyansa, a rubuce ko ba a rubuce ba. Ku je ku daidaita, ku kawo mini dalili." Yaya ya ce to, irin to ɗin nan nasa da ba to ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan magariba

Na je wurin Baba. Ya rame, amma idonsa na nan yadda na san shi. Da ya gan ni ya ce, "Ga mai ƙirga gero ɗai-ɗai ta zo." Na yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Likita ya kira Yaya waje. Sun daɗe. Da ya dawo ban tambaye shi ba, shi ma bai dube ni ba, ya tsaya yana gyara bargon da ba abin da ya same shi.

Na gode Allah da Baba ya tsokane ni.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Ban fita ba. Na wanke labulayen gidan nan kaf, har wanda aka wanke makon jiya. Maigidana, Abban Husaina, ya dube ni ya ɗauki yarinyarmu suka fita. Allah ya saka masa da alheri, mutum ne da ya san lokacin yin shiru.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya ya shigo ofishina da hujja, yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ya ce in duba yawan gyaran da aka yi daga Mayu zuwa yau. Na duba. Gaskiya ya faɗa, ya ragu sosai, ya kusa komawa babu. Ila har barci yake yi a ƙarƙashin dalbejiya.

"Kin gani? Injinanmu sun ƙara ƙarko. Mutane sun daina kawowa. A kan me za ki ɗaure mana dutse a wuya?"

Na tsani in rasa amsa a gaban Yaya, tun muna yara haka nake. Na dai ce masa ruwa ba ya tsami banza, inji ba ya shiryuwa dare ɗaya. Ya ce karin magana ba ya shiga rahoton kuɗi. A nan ma gaskiya ya faɗa, abin haushi.

Ina jin zafinsa, amma ba zan zalunce shi a takardata ba. Albashin ma'aikata a wuyansa yake. Kuɗin asibiti a wuyansa yake. Yau na lura a keke napep ya zo aiki. Na tambayi motar, ya ce tana wurin gyara. Motar da bai taɓa bari wani ya buɗe mata kai ba sai shi.

Laraba, 13 ga Agusta, da azahar

Malam Nuhu ya ce ko da an bi bakin Baba, dole lissafin ya nuna tsawon lokacin da nauyin zai ɗauka. Na buɗe kwamfuta, na zo gurbin shekaru, na tsaya.

Yaya yana tsaye bakin ƙofa. Ya ce a hankali, "Lubna, ki tuna fa yadda maganar take. Baba cewa ya yi muddin…"

Bai ƙarasa ba. Na ce ya fita. Na faɗa da ƙarfi har masu walda suka tsaya. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya a gaban ma'aikata ba. Ya fita ya ja mini ƙofa a hankali, da ma ya buga ta da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta ashirin a gurbin. Na goge. Na rubuta talatin. Na kashe kwamfutar.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan asuba

Na ba Yaya haƙuri ta waya. Ya ce, "Ni ne da ba ki haƙuri." Daga asibiti yake magana, na ji ƙarar keken marasa lafiya. Ashe can yake kwana tun farkon wata, a kan tabarma, ni ina gidana a Abakpa ina ƙirga laifinsa.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na samu amsar da na rasa ranar Litinin, amma da ma ban same ta ba.

Balaraba mai markaɗe ta Rafin Guza ta zo dubiya da kunun gyaɗa a fulas. Tana cikin matan farko da suka sayi inji a hannun Baba, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Muna zaune a baranda na ga hannunta duk kanta, har ya faffashe. Na ce, "Baba Balaraba, me ya sami hannun nan?"

Ta ɓoye shi cikin mayafi. Sai da na matsa ta ce, "Turmi ne, 'yar nan. Injin ya tsaya tun kafin babbar salla."

Na ce me ya hana ta aiko wa Ila?

Ta dube ni kamar na zage ta. "Haba Lubna! Malam Rabe na kwance in turo masa inji? A ce Balaraba ta ji labari ta yi sauri ta karɓi nata kafin… Subhanallahi. Wallahi gara in daka da hannu. Ba ni kaɗai ba ce, kusan duk layinmu haka muka yi. Mun ce sai ya tashi."

Sai ya tashi.

Wato lalacewar ba ta ragu ba, kara suka yi mana. Injina suna nan a mace a cikin gidaje an lulluɓe su da buhu, mu muna Katabu muna cewa sun ƙara ƙarko. Ni da takardar shaidata ta akanta, Yaya da hujjarsa, babu wanda ya tuna cewa mutanen nan suna da kunya.

Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito. Na gode Allah da ya sa ubana ya yi zama da irin waɗannan mutane.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Na gaya wa Yaya. Na yi niyyar in faɗa da ɗan yaji, in rama ta makon jiya, amma da na buɗe baki yajin ya tafi. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Tun kafin salla?" Na ce tun kafin salla. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Talata, 19 ga Agusta, bayan magariba

Baba ya yi magana yau, ya daɗe rabon da ya yi mai tsawo haka. Umma ta fita alwala, daga ni sai shi.

Na zo da tambaya a bakina. Ina so in ce, Baba, da kake cewa muddin kana raye, me kake nufi? Kai kaɗai, ko mu ma? Kalma ɗaya daga gare shi ta kashe rigimar. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Ta yaya 'ya za ta tambayi ubanta wannan, yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu?

Shi ne ya ce, "Ɗiyata, kuna faɗa da yayanki." Na ce a'a. Ya ce, "Ƙarya kike, kin gado hancin uwarki, in kin yi fushi shina buɗewa." Ya huta, sannan ya ce, "Ni ban iya rubutu ba, shi ya sa nike ba mutane bakina. Ku da kunka yi boko ku san yadda za ku yi da shi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai raba mana gardama ba. Na so ya raba, amma da nake dawowa a keke na ga bai kamata in so ba, ya ɗauki kayan nan tsawon ransa, ba zan ce ya ɗaure mana gammo kuma ba.

Ya riƙe hannuna har ya yi barci. Alhamdulillah. Alhamdulillah.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Yaya bai zo ofis ba, Ila ma babu shi. Malam Nuhu ya tambaya, na ce sun fita aiki, ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Da la'asar Balaraba ta kira ni tana faɗa. Wai Shamsuddeen ya shigo mata gida da sallama, ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya durƙusa gaban inji da sifana. Ta ce ya bari, ya ce Baba ne ya aiko shi. Ban san Baba ya aike shi ba. Ina jin ƙarar injin ta cikin wayar, da ƙyar nake jin muryarta.

Gurbin shekarun nan har yanzu babu komai a ciki.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Umma ta ce a kira 'yan Katsina.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan asuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Gidanmu na Kawo cike yake. Na ɓuya a ɗakin Umma in rubuta wannan kafin ya gudu daga kaina.

Akwai abin da zan fara faɗa. Ranar Juma'a, ana ta shige da fice, ina zaune cikin mata, sai wani lissafi ya zo mini da kansa, ban kira shi ba. Gurbin nan da na kasa cikewa ya cike kansa. Magana ta ƙare inda mai ita ya ce za ta ƙare. Tanadi ya faɗi, riba ta tashi, banki zai yi murna. Na ji na tsani aikina, na tsani kan da ya iya wannan lissafin a irin wannan rana. Na yi ta istigfari.

Bayan an sauko daga masallaci aka fito da Baba ƙofar gida. Mu muna ciki, muna ji ta lasifika. Liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk mai bin Malam Rabe bashi, ko wanda Malam yake bi, ya ga babban ɗansa. Na zaci za a ta da salla. Sai na ji lasifikar ta yi ƙara, an karɓe ta, na ji muryar Yaya. Ta dishe, da ƙyar na gane ta.

Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, akwai bashi ɗaya da ba sai an zo an gan ni ba, na san shi. Duk wanda Baba ya dafa wa inji ya ce ba ya kwana a lalace, to maganar nan ba za mu binne ta da shi ba. Muddin kamfanin nan yana tsaye, tana nan. Ku shaida. Wanda ke nan ya gaya wa wanda ba ya nan. Kuma don Allah, masu ɓoye injina a gida, ku fito da su. Kunyar ta isa haka."

Sai na ji maza suna cewa mun shaida, Allah ya yi albarka. A cikin gida Balaraba ce ta fara fashewa da kuka, sauran suka bi. Umma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kyan ɗa ya gaji ubansa," ta ci gaba da jan carbinta.

Ni ban san me na yi ba. Abban Husaina ya ce har waje an ji muryata ina cewa na gode, ban san wa nake yi wa ba.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan azahar

Malam Nuhu ya zo gaisuwa. Bai kawo maganar aiki ba, ni na tare shi a zaure, ban iya haƙuri ba. Ya ce yana wurin ranar Juma'a, a sahu na biyu. Ya ce, "Shekaru da yawa Malam bai riƙe sifana ba, kamfani ke gyarawa da kuɗinsa. Mutane da kamfani suka dogara tun tuni, yayanki ya tabbatar ne kawai a gaban shaidu. Ki yi lissafi a kan tsawon rayuwar injinan, ba ta kowa ba." Ya cire tabaran gaba ɗaya ya goge ido, ya ce ruwan sama ne. A cikin zaure.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan magariba

Na ce wa Yaya, ka san banki ba zai bayar ba yanzu. Ya ce ya sani. Na ce albashi fa? Ya ce filinsa na hanyar Zariya yana nan, akwai mai so. Na ce motar fa, har yanzu tana wurin gyara? Ya ce, "Ke dai Allah ya shirye ki." Muka ci tuwo a kwano ɗaya, rabonmu da haka tun kafin aurena.

Ina kewar Baba. Ban rubuta ba tun ranar, to ga shi na rubuta. Ina kewarsa har ƙirjina yana ciwo.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi

Na koma aiki. Na shirya adadin tun jiya, na yi niyyar yau in maye fensir da biro, Yaya ya sa hannu, Malam Nuhu ya tafi da kayansa.

Tun daga bakin titi mai keke ya ce ba zai iya shiga ba. Na sauka na taka. Layi ne daga ƙofar kamfani har kwana, keke napep, baro, kura, wasu ma a a-kori-kura suka haɗa kuɗi su huɗu. Injina lulluɓe da buhu da tsofaffin zannuwa, wasu da tsatsa, wani har kaza ta yi ƙwai a mazubinsa, mai shi tana ta ba da haƙuri. Daga Rafin Guza, daga Kawo, daga Hayin Banki, har da waɗanda ban san mun taɓa sayar musu ba. Kowace ta fara da gaisuwar rashi, sannan ta nuna nata a kunyace. Ila yana ta kai da kawo, barcin dalbejiya ya ƙare.

Na sami Yaya a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya dubi layin, ya dubi takardar da ke hannuna. Ya karɓa ya karanta adadin nan da muka yi wata guda muna faɗa a kansa, wanda ya ce na ɗaure mana dutse a wuya.

Ya ce, "Akantar maƙiya."

Na ce, "Na'am, manaja."

Ya ce, "Wannan naki ya yi kaɗan. Ƙara."

Na yi dariya har na zauna a kan wani inji, dariyar farko tun ranar Juma'ar. Na shiga ofis na sake lissafin da layin da ke waje, na ƙara, na rubuta da biro. Yaya ya sa hannu, yatsansa ya bar baƙin mai a gefen takardar, Malam Nuhu ya ce a bar shi haka.

Asara ce, babba kuwa. Ta taga ina jin an ta da inji na farko.

Alhamdulillah. Baba, ba za su kwana ba.